Babi na Shida: Ƙotar Adaka

A bayan buhunan da ke ɗakin ajiya na gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi na same ta, naɗe cikin tsohuwar tabarmar kaba, watanni kaɗan bayan rasuwar Baffa. Tun muna yara mun san akwai adakar kakanmu a gidan, amma sani ne na ji kawai. Ba a fito da ita, ba a kuma hana zancenta. Kakanmu maharbi ne, ya yi zamaninsa a dazuzzukan kudancin Kano, ya rasu kafin a haife ni. Da iyali suka taso daga ƙauye suka sayi fili a nan, lokacin da Gyaɗi-Gyaɗi ke bakin gari kuma gonaki suka fi gidaje yawa a hanyar Zariya, sai adakar ta biyo kaya tare da tukwane da adudu.

Da na warware tabarmar na tsayar da ita, bakinta ya kusa kawo mini kafaɗa. Tsatsa ta ci ƙarfen har ta huda shi ta gefe guda, kunama babu, ƙarfen da ke riƙe ƙanƙara ya karye tun ba yau ba. Maƙerin da na kira ya duba ya juya ta sau biyu ya miƙo mini. "Malam, wannan ta gama aikinta. Ko an ɗura ba za ta tashi ba, in kuwa ta tashi, mai ita za ta fara ci." Ƙarfen dai ya mutu. Abin da ya rage da rai shi ne icen, wanda masassaƙa ke kira ƙota, kamar yadda suke kiran ta fartanya da ta gatari, sauran mutane kuma su kira faffaɗan ƙarshensa gindin bindiga.

Icen ma ba a cikin daɗi yake ba. Wani, wata rana, ya shafe shi da baƙin man mota don gudun gara. Wani kuma daga baya ya bi rabinsa da jan fenti irin na ƙofa. Ga tsagewa a wuya, daidai inda hannu ke kamawa. A daren nan zumuɗi ya ɗebe ni, na aika aka sayo mini sanfefa mai lamba 60, na zauna a tsakar gida na kama gurzar gefen dama na gindin. Cikin minti goma na fito da wani fili ja, sabo fil, faɗin tafin hannu. Na ji daɗin ganinsa. Sai da gari ya waye na lura cewa abin da na kankare ba fenti ba ne kaɗai. A ƙarƙashin fentin akwai wani duhu mai santsi, na cinye rabinsa, kuma sanfefar ta bar zane-zane a gicciye kamar kaza ta yi tono. Har yau in na tuna daren nan sai raina ya sosu, domin abin da shekaru masu yawa suka tara na kwashe shi kafin shayi ya huce.

Kafin in kai ga yadda aka ceto sauran, ya kamata mai karatu ya san me ya sa icen tsohuwar bindiga ya cancanci wannan wahala. Ni a ganina, a jikin adaka ƙarfe baƙo ne, ice shi ne ɗan gida.

Bindiga ta daɗe da sanin Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, mai mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Borno ta riga mu, domin tun a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma yana da Turkawa masu koya wa mayaƙansa harbi. Hanyoyin shigowa biyu ne: ta Sahara daga Tarabulus, da kuma ta bakin teku, ta hannun Yarbawa da Nufawa. Turawa sun laƙaba wa doguwar bindigar ƙanƙara sunan mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwarsu da suka zauna a ganuwar Kiristiyansbog ta Ankara suna sayar da ita, ko da yake mafi yawan waɗanda suka cika Afirka ta Yamma daga baya a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. Kayan kasuwa ne masu araha. Bindigar da Bature ya yi wa kansa da icen walnat yake mata ƙota, mai tauri, mai kyan zane. Wadda ya yi don Afirka kuwa sau da yawa farin icen bich ake sa mata, a bi shi da jan launi ko baƙi don ɓoye aibi.

Irin wannan ice bai san hunturunmu ba. A watan Janairu da Fabrairu damshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, a watan Agusta kuma ya haura kashi 70. Ice yana shan damshi ya kumbura, ya fitar ya motse, kuma motsinsa a faɗi yake, ba a tsawo ba. Ƙarfen da ke kwance a cikinsa ba ya bin sa wannan rawa. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, sai ice ya tsage a inda ya fi siranta. Ga faɗuwa daga doki, ga bugun da bindiga ke yi da baya duk sa'ad da ta tashi. Saboda haka ƙotar da ta zo daga Turai ba ta cika tsufa da bindigarta ba. In ta karye, sai a kai wa masassaƙin gari ya sassaƙa wata da maɗaci ko kawo ko madobiya, a auna ta da tsawon hannun mai ita. Baduku ya naɗe ta da fata, maƙerin fari ya buga mata ƙusoshin tagulla, malam ya rubuta laya a ɗinke a rataya. Duk abin da Bahaushe ya sa na kansa a bindiga, a jikin icen ya sa shi.

Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta ƙara ɗaure mu da adaka. Ƙasashen Turai suka amince a hana shigo da bindigogin zamani wani babban yanki na Afirka, amma a bar cinikin bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana a bakin ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da Kanar Molan ya iso da igwa da bindiga mai ruwa, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato. Adaka mai ɗura ɗaya, wadda sai an zuba albarushi an danna kafin a sake harbi, ba ta da ta cewa a gaban waɗannan. Daga ranar ta bar fagen yaƙi, ta koma hannun maharba a daji da hannun 'yan bindigar sarki a hawan Sallah.

Wannan suna na ƙarshe yana ba ni baƙin ciki. A Kanon da na tashi, in aka ce 'yan bindiga, mutanen da ke gaban sarki ake nufi, ranar hawan Daushe ko na Nasarawa, masu tayar da hayaƙi fari har ƙasa ta girgiza, dawaki su zabura, yara mu toshe kunne muna murna. Yau ka buɗe rediyo ka ji an ce 'yan bindiga, gabanka ne zai faɗi, domin ƙauye aka tasa ko ɗalibai aka kwashe. Kalmar ɗaya ce, an ƙwace ta daga masu ita. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, har da ƙarar adakar da ke cikinsa. Bayan wata uku kacal, a ƙarshen Maris na 2025, aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar dawowa gida yin Sallah, da yawansu mutanen ƙasar Bunkure, bayan an ga bindigogin farauta a motar da ta ɗauko su. Irin bindigar da kakana ya ciyar da iyali da ita ke nan. Allah ya jiƙansu. Duk mai ajiye da adaka a gida yau dole ya san nauyin abin da ya ajiye. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, adaka da 'yan uwanta masu ɗurin baki suna kashi na uku, kuma ko su ba a riƙe su sai da izinin 'yan sanda. Ƙera bindiga ko gyaran ƙarfenta ma sai wanda hukuma ta yarje wa. Wannan babi bai shafi ƙarfe ba. Namu ya mutu, mun kuma bar shi a mace.

Wani kafinta da ke yi mana kujeru shi ya fara ba ni shawara. Ya ce in kawo ya bi ta da injin gurza, ya cike ramukan da garin katako da gam, ya fesa mata kala da fenti mai sheƙi, kwana biyu in zo in ɗauka kamar sabuwa. Ba mugunta ya nufa ba, abin da kasuwa ke nema a wurinsa ke nan, kuma a kan gadon amarya aikinsa ba shi da makusa. Amma kalmar "kamar sabuwa" ita ta tsayar da ni. Sai mahaifiyata ta tuna mini da wani tsoho da ke zama a wata rumfa bayan kasuwar Tarauni, wanda a da yake sassaƙa turame da alluna da ƙwangarmar sirdi, yanzu ƙarfi ya ja baya sai ƙotocin fartanya da muciya.

Na kai masa, na gaishe shi, na ajiye a gabansa. Bai taɓa gizago ba, bai taɓa wuƙa ba. Ya ɗora ta a cinya yana shafawa da tafin hannu kamar mai duba dokin saye, ya kai hanci ya shinshina, ya sa farce ya ɗan kankari wurin da na gurje.

"Maɗaci ne," in ji shi. "Wa ya yi mata wannan?"

"Ni ne, Baba."

Ya yi shiru na ɗan lokaci. "To, ɗana, Allah ya sa ka gaji da wuri." Sa'an nan ya kama hannuna ya ɗora a kan sauran duhun da ya tsira. "Ka ji santsi? Wannan ba datti ba ne, kunci ne. Nan mai ita yake kwantar da fuska in zai yi saiti. Gumi ne da maiƙon jiki da man kaɗe, shekara da shekaru. Kuma duba, a dama yake. Mai harbi da dama kuncinsa a hagun ƙota yake kwanciya. Ga kuma inda tafin hannu ya cinye wuyan, ta hagu. Kakan nan naka bahago ne."

Ban taɓa jin haka a gida ba. Na ce masa zan tambaya.

Sati biyar aikin ya ɗauka, kuma mafi yawan kwanakin nan jira ne. Nakan biya ta wurinsa da yamma in na taso, wani lokaci in tarar ya yi abu, wani lokaci in tarar da ita jingine a inuwa yana sassaƙar muciya. Da fari ya raba ice da mataccen ƙarfen, ya jera ƙusoshin a kan tsumma bisa tsarin da ya cire su, don kowace ta koma raminta. Ya goge icen da tsumma mai ɗan damshi da sabulu kaɗan, bai yarda ya jiƙa shi ba. Fentin kuwa da fasasshen gilashi ya kankare shi. Yakan fasa gilashin taga ya zaɓi ɓangare mai miƙaƙƙen baki, ya karkata shi, ya ja a hankali yana bin jijiyar icen. Abin da ke fita siriri ne kamar ɓawon albasa. Amfanin gilashi a kan sanfefa shi ne ido yana ganin abin da hannu ke cirewa. Da jan fenti ya ƙare, launin ice ya leƙo, sai ya tsaya. Sanfefa ba ta san iyaka ba, tana cin fenti, ta ci tarihi, ta ci kaifin gefuna har ƙota ta zama kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, ƙarfe kuma ya dawo ya tarar raminsa ya yi masa yawa.

Baƙin man motar shi ya fi ba mu wuya, kuma a kansa nake so in ja kunnen duk mai tsohon ice a gida, ko akushi ne ko kujerar tsakar gida ko ƙyauren zaure. Mutane suna shafa shi don korar gara, kuma yana ɗan korar ta. Amma man mota ba ya bushewa har abada. Yana nutsewa cikin jijiyar ice ya tausasa ta, har wurin ya koma kamar dafaffen rogo, ƙusa ba ta kamawa, gam ba ya riƙewa. Tsagewar wuyan nan tana tsakiyar inda man ya fi taruwa, don haka ba dama a liƙe ta sai an fitar da shi. Baba ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe wurin da kauri, ya ajiye a ranar hantsi. Ɗumi yana taso da mai daga ciki, farar ƙasa tana tsotsewa. In ta yi ruwan ƙasa-ƙasa sai ya karkaɗe ya sake sabuwa. Da rana ta take sai ya mayar inuwa, domin zafin azahar na Kano zai iya buɗe sabuwar tsagewa a icen da ya haura shekara saba'in. Kwana tara ana wannan. A rana ta tara farar ƙasa ta kwana ta tashi fara.

Sa'an nan ya buɗa tsagewar kaɗan da siririn tsinke, ya tura gam har ƙasa, ya matse, ya naɗe wuyan tam da tsagin robar tayar keke. Roba tana matsewa ta kowane gefe daidai, ba ta kuma barin shaida irin wadda maƙatar ƙarfe ke bari. Bayan kwana biyu ya huda siririn rami a gicciye ta ƙasan wuya inda ido ba ya kaiwa, ya dasa turken ice mai kaurin tsinken tsire, ya yanke shi daidai da fuska.

A kan lotsawa muka ɗan yi gardama. Jikin ƙotar cike yake da ramuka ƙanana, wasu na faɗuwa, wasu na gugar duwatsu, wasu na buhunan da aka jibga mata a ɗakin ajiya. Akwai dabarar tayar da su: a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan ramin, a danna dutsen guga mai zafi. Tururi yana shiga jijiyar da ta lotsa ta kumbura ta dawo daidai, muddin ba yankewa ta yi ba. Da na ga ya tayar da guda biyu kamar da sihiri, sai na ce a bi duka. Ya ƙi. Ya tayar da waɗanda ke da sabon gefe, waɗanda ajiya ta jawo. Waɗanda gefensu ya yi santsi, hannu ya bi ta kansu shekaru, ya bar su. "Waɗannan da su ya san ta," in ji shi. Na daɗe ina juya maganar. Yanzu ina ganin gaskiyarsa, kuma ina ganin a nan aikin gyaran tsohon abu ya bambanta da aikin kafinta. Kafinta yana tambaya ne yaya abu zai fi kyau. Mai gyaran gado sai ya rarrabe ɓarnar da sakaci ya yi da alamar da amfani ya bari, ya cire ta farko ya ƙyale ta biyu, kuma ba kullum rarrabewar ke da sauƙi ba.

Haka ya yi da baƙin da ke kewaye da ramukan ƙusoshi da gurbin kunama. Wannan baƙi ba ƙuna ba ce. In ƙarfe ya haɗu da damshi a jikin ice mai ɗaci irin maɗaci, sai su haifar da baƙin launi, hanya ɗaya da yadda dukawa ke samun kuloko daga tsatsar ƙarfe su zana baƙi a jikin fatar da aka jeme da bagaruwa. Akwai sinadarin da ke wanke shi, amma yana wanke launin icen da ke kewaye tare da shi. Muka bar shi.

Sanfefa ba ta shigo ba sai a ƙarshe, kuma mai laushi, lamba 220 sa'an nan 320, naɗe a jikin guntun roba don kada yatsa ya yi kwari. A wurin da na ɓata kaɗai ya yi aiki da gaske, don share zanen da na bari a gicciye. Kullum hannunsa yana bin tsawon jijiya. Da ya gama sai ya shafa ruwa kaɗan ya bari ya bushe. Icen da ya yi sumul ya tashi da kaushi kamar gemun kwana biyu, domin ƙananan zarurrukan da sanfefa ta kwantar sun miƙe. Ya bi su a hankali ya share, ya sake jiƙawa, har sau uku, sai da ruwa ya daina tayar da komai. Ya ce kafin sanfefa ta zo, da ganyen wani ɓaure mai kaushi iyayen gidansa suke wannan aiki.

Sai maganar mai. Maharban da man kaɗe suke shafa wa ƙota, wasu man shanu, wasu duk maiƙon da ya saura a hannu bayan cin nama. Ga bindigar da kullum tana hannu, ana shafawa ana gogewa, wannan ya wadatar, kuma shi ya haifar da duhun nan mai kyau. Amma man kaɗe da man gyaɗa ba sa bushewa su yi tauri. A jikin abin da za a rataye, ƙurar hunturu za su kama, man gyaɗa ya yi ɗoyi, ya gayyato kyankyaso da ɓera. Mai bushewa ake so, kuma wanda ya fi samuwa a shagunan fenti shi ne man linsid, wanda ake matsa daga ƙwayar da Larabawa ke kira bizirul kattani. Shi ba tashi yake yi kamar ruwa ba. Iska yake sha, ya daskare a cikin jijiyar ice ya zama jiki ɗaya da ita. Da shi sojan Ingila suka riƙa kula da ƙotar bindigarsu ta Lee-Enfield, wadda mazan jiya 'yan Arewa suka riƙe a dazuzzukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a yaƙin duniya na biyu. Bambancinsa da fenti mai sheƙi a fili yake: fenti riga ce a saman ice, in ice ya motsa da damina sai rigar ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagin ya kasa fita, ta fara ɓarewa. Mai kuwa yana motsi tare da icen, in wuri ya goge sai a ƙara ɗigo a wurin kaɗai.

Sirrin shafa shi rowa ce. Baba yakan ɗiga uku ko huɗu a tafin hannu, ya murza a jikin icen har wurin ya yi ɗumi, ya bari kamar rabin sa'a, sa'an nan ya goge duk abin da bai nutse ba da tsumma mai tsabta, har sai ka rantse bai shafa komai ba. Wanda ya bar mai ya kwanta a sama zai wayi gari da danƙo mai kama yatsa, wanda sati ba ya busar da shi. Tsakanin shafa da shafa kwana biyu, wani lokaci uku, a cikin ɗaki a rufe saboda ƙura. Sau takwas ya yi. A shafa ta farko ice ya shanye kamar ƙasar rani ta sami yayyafi. Wajen ta biyar jan maɗacin ya fara zurfi, wani zane mai kama da igiyar ruwa ya fito a gindin, wanda fenti ya binne tun kafin a haife ni.

Abu ɗaya da bai taɓa sakaci da shi ba shi ne tsumman da ya goge mai. Man linsid yana fitar da zafi sa'ad da yake bushewa, kuma tsumman da ya jiƙe da shi, in aka dunƙule aka jefa a lungu, yana iya kama wuta shi kaɗai ba tare da ashana ba. A rumfar da ke cike da sassaƙe, cikin kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma Kano ta ga gobarar kasuwa iri-iri. Kowace yamma sai ya jefa tsumman cikin gwangwanin ruwa kafin ya tashi.

A ƙarshe ya narka kakin zuma ya shafa siriri, ya goge da tsohon rawani. Ƙusoshin tagulla ya cire su ya wanke daban da tsamiya, bai bari tsamin ya taɓa ice ba, bai kuma goge su har su yi walƙiya ba. Naɗin ƙirgin da ke riƙe ƙarfe ya bushe ya karye, sai muka kai wa wani baduku a cikin gari ya yi sabo a jiƙe, ya bushe ya kama. Layar da ke rataye a wuya, ƙarama, fatarta ta yi baƙi ta ƙandare, na so in buɗe in ga rubutun. Baba ya riƙe hannuna. "Ba kai ka ɗinke ba, kada ka farke." Ya shafa mata man kaɗe ya mayar inda take.

Wata rana cikin kwanakin jiran nan na raka shi 'yan katako na Na'ibawa neman guntun maɗaci tsoho da zai yi turken wuya. Mun sha yawo kafin mu samu. Katako ga shi nan tuli, amma mafi yawansa farin ice ne ɗanye daga kudu, na rufin kwano da allon siminti. Itatuwan da masassaƙa suka dogara da su suna ƙarewa. Madobiya an yi mata wawa ana lodawa zuwa Sin don yin kujerun alfarma, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin jerin da ake sa wa ido daga farkon 2017, kuma a taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo. Ƙota irin ta kakana, guda ɗaya daga bakin ƙarfe har gindi, tana bukatar miƙaƙƙen ice mai tsawon kamu uku ko fiye, marar gaɓa, wanda ya bushe a inuwa shekaru. Ko da kuɗi a hannu, samun irinsa yau aiki ne.

Wurin da na gurje bai koma daidai da sauran ba. Ya fi haske, kuma duk mai ido zai gane. Na roƙi Baba ya sa masa kala ya saje, ya ce a'a, kala ƙarya ce da ba ta daɗewa, za ta koɗe ta bar tabo mafi muni. Maɗaci da kansa yake duhu in yana ganin haske, in bar shi, in riƙa shafa ɗigon mai sau ɗaya kafin damina, sau ɗaya in hunturu ya kama.

Na rataye ta a bangon ɗakin Baffa, nesa da taga, ba a jikin bangon da ruwa ke duka ba. Bayan Sallah Gwaggo ta zo daga ƙauye ganin likita a asibitin Malam Aminu Kano, ta sauka a wurinmu. Ita kaɗai ta rage a 'ya'yan kakanmu. Na sauko da adakar na ɗora mata a cinya ban ce komai ba. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta kai hannun hagu ta kama wuyan, yatsunta suka faɗa cikin kwarin.

Na ce, "Gwaggo, wai bahago ne?"

"Wa ya gaya maka?" Ta ɗago ta dube ni. "Da dama yake cin abinci, malaminsu ya hore shi tun yana ƙarami. Amma harbi da sassabe da hagu yake yi. Shi ya sa wutar ƙanƙara take fesar masa a fuska. Nan gefen idonsa duk ɗige-ɗigen baƙi ne, mu muna yara mun ɗauka zane ne irin na gado."

Ta juya gindin ta ga wurin da ya yi haske, ta shafa shi da babban yatsa, ta tambaye ni me ya same shi. Na gaya mata.